Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta ratsa Bici, ya karkata zuwa ƙasar Kunci, ya san irin tarbar da ake yi wa baƙo a wannan yanki. Da ya yi sallama a ƙofar gida, tun kafin a tambaye shi daga ina yake ko wurin wa ya zo, za a kakkaɓe tabarma a shimfiɗa masa a zaure, yaro ya fito da ruwan randa a ƙoƙo. In da fura a gidan sai a dama, a kawo a ƙwarya da ludayi, an rufe da faifai. In babu, ko gyaɗa ce ko ɓarin goro sai a miƙa masa, mai gida ya zauna a gefe a shiga gaisuwa, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi labarin damina. Sau da yawa bakin tabarmar nan ya fara warwarewa, ƙwaryar kuwa in aka duba gefenta sai a ga ɗinkin gyartai. Mai gida ba ya ba da haƙuri a kan wannan, baƙo kuma ba ya jin an rage shi da kome.

Ƙasar Kunci tana arewacin Jihar Kano, cikin yankin nan da gonaki suka haɗe da juna har ba a cika ganin saura ko daji ba. Garin shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar da a da ake kira da sunansa, wadda yanzu ake kira Ghari, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura dubu 110. Mutanen garuruwa irin su Shuwaki da Gwarmai da 'Yandadi da Matan Fada galibinsu manoma ne, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya kowace shekara, suna raya ta da takin dabbobi da toka da sharar gida. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri ya san ba a yar da abu don ya tsufa. Karan dawa shi ne danga, harawa ta dabbobi ce, tsohuwar riga ta koma ta zuwa gona, katanga in damina ta zaizaye ta sai a yi mata yaɓe bayan ɗauke ruwa. Karɓar baƙo ma a kan wannan ƙa'ida take tafiya, watau abin da ke akwai shi ake fitarwa, a yadda yake, da sakin fuska.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, wannan kyakkyawar ɗabi'a tana yin rauni, kuma inda ta fi yin rauni shi ne a wurin waɗanda aka fi sa ran su riƙe ta da ilmi, watau ma'aikatan gwamnati da ɗalibai. Wata irin kunya ce ta shigo, kunyar a ga mutum a yadda yake.

Yadda kunyar take aiki

Alal misali, a ɗauki ɗan ƙauye da ya yi karatu, ya sami aiki a wata ma'aikata a Kano, yana zaune da iyalinsa a ɗaki biyu na haya. Abokin aikinsa ya ce zai kawo masa ziyara ran Asabar. Tun daga ran Alhamis hankalinsa ya tashi. Za a aro kujeru daga maƙwabta, a aro farantan tangaran, a karɓi kaji da shinkafa da lemon kwalba bashi a wurin mai kanti, a kwashe tsofaffin kwanukan gidan a tura ƙarƙashin gado. Uwargida ta wuni a madafa, yara an kore su waje don kada su ɓata shimfiɗa. Kafin baƙo ya iso, mai gida ya gaji, matarsa ta fusata, hirar da aka taru dominta kuwa ba ta yi armashi ba, domin rabin hankalinsa yana kan farantin aro kada ya fashe. Ran Litinin kuma ga mai kanti a ƙofa.

Idan haka ta faru sau biyu ko uku, sai mutumin nan ya soma gudun baƙi. A yi sallama ya aiko yaro ya ce ba ya nan. Abokai kuwa sai dai a haɗu a ofis ko a bakin titi. Har ɗan'uwa da ya taso daga ƙauye da tsarabar ƙwan zabi da daddawa sai ya ga fuska a ɗaure, ya kwana ɗaya ya juya, ya kai labari gida cewa wane ya zama Bature. Alhali kuwa ba ƙiyayya ce ta ɗaure fuskar ba, tunanin abin da za a ba shi ne.

Ɗalibi ma bai tsira ba. Akwai wanda zai shekara huɗu a jami'a bai taɓa gayyatar abokinsa garinsu hutu ba, don gidan ubansa na ƙasa ne, kuma a akushi ake cin tuwo. Idan kuwa ya kuskura ya zo da abokai, sai ya riga su isa da kwana biyu yana ba da umurni, a ɓoye wannan, a sayo wancan, har dattijo ya kama akuyar da yake tattali ya kai kasuwa, ko ya auni hatsi daga rumbu a tsakiyar damina, lokacin da kowane manomi ya san rumbu ya yi ƙasa. Baƙi su yi kwana biyu su tafi, gida ya yi wata biyu yana jin jiki. Mafi muni kuma, uban ya gane cewa ɗansa yana jin kunyarsa, kuma wannan ciwo ne da ba ya warkewa da wuri.

Inda abin ya samo asali

Wannan hali bai faɗo daga sama ba. Tun da daɗewa akwai jere a ɗakin amarya, wanda ya tashi daga ƙorai ya koma tasoshi, daga nan ya koma kwanukan ƙarfe masu fenti, sannan tangaran, amma kowa ya san jere na kallo ne, ba a cikinsa ake auna mutuncin gida ba. Shekarun 1970 ne suka sauya ma'auni. Kuɗin man fetur ya shigo, hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai yawa, aka biya su har da ariyas a farkon 1975. Nan da nan gidajen ma'aikata suka cika da kujerun kushin da rediyo mai kaset da firji da babura. A daidai wannan lokaci kuwa ƙauye yana fama da farin 1973, sannan cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 ta karya abin da manomin Kano ya dogara da shi na samun kuɗi. Sai rata ta buɗe tsakanin ɗa da ke birni da uba da ke ƙauye, kuma a cikin wannan rata ce kunyar ta yi saiwa.

Daga baya kuɗin suka janye. An yi tsuke bakin aljihu a 1982, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 wanda ya karya darajar naira, kuma a ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi. Albashi ya daina isa, amma ma'aunin da aka kafa a zamanin Udoji yana nan daram a zukata. Ma'aikacin yau yana ƙoƙarin yin karɓar baƙi irin ta zamanin yalwa da aljihun zamanin tsanani, kuma bashi ne yake cike gurbin. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don a burge wanda zai tafi kafin magariba, wannan ba shi da uzuri.

Abin da Japanawa suka gano

Abin mamaki shi ne, wata ƙasa mai nisa, wadda motocinta suka cika titunan Kano, ta taɓa shiga irin wannan hali, kuma masu hikimarta suka nemo masa magani. A ƙasar Japan akwai al'adar shan shayi, inda mai gida yake gayyatar baƙi kaɗan ya dama musu shayi da hannunsa bisa tsari. A ƙarni na 15 da na 16 wannan al'ada ta zama fagen gasa tsakanin sarakunan yaƙi da attajirai, kowa yana nuna kwanukan tangaran masu tsada da aka kawo daga ƙasar Sin. Wani malamin shayi mai suna Murata Juko, wanda ya rasu a 1502, shi ya soma shigo da kwanukan gida marasa ƙyalli cikin zaman. Amma wanda ya kai abin matuƙa shi ne Sen no Rikiyu, ɗan wani ɗan kasuwa na garin Sakai kusa da Osaka, wanda aka haifa a 1522.

Rikiyu ya yi wa manyan masu mulkin zamaninsa hidima, watau Oda Nobunaga da Toyotomi Hideyoshi. Shi Hideyoshi har ɗakin shayi na zinariya ya mallaka, wanda ake kwancewa a ɗauka, ya kai shi fadar sarkin ƙasar a 1586. Amma ɗakin da ake danganta wa Rikiyu, mai suna Tai-an, wanda yake nan har yau a Yamazaki kusa da birnin Kiyoto, shimfiɗar tabarma biyu ce kacal, bai fi mita 2 a tsawo da faɗi ba. Bangonsa yaɓen ƙasa ne, har ana ganin ciyawar da aka kwaɓa da ita, kamar dai bangon zauren manomi a Kunci. Ƙofarsa ba ta kai mita ɗaya ba, don haka kowane baƙo, kome girmansa, sai ya durƙusa ya shiga da rarrafe, mayaƙi kuma ya bar takobinsa a waje. Ya sa wani magini mai suna Chojiro ya gina masa kwanukan shayi da hannu zalla, baƙaƙe da jajaye, bakinsu bai daidaita ba. Ƙarshen Rikiyu bai yi daɗi ba, domin sun ɓata da Hideyoshi, ya umurce shi ya kashe kansa a 1591. Amma tafarkinsa ne ya ɗore, zuriyarsa suna koyar da shi har yanzu a Kiyoto.

Wannan ra'ayi shi ake kira wabi-sabi. Wabi a asali tana nufin halin rashi da kaɗaici, daga baya ta koma nufin wadatar zuci da ɗan abin da ke hannu. Sabi kuwa ita ce kyan da tsufa yake sa wa abu, irin baƙin da akushi yake yi bayan shekaru ana cin tuwo a cikinsa. Taƙaicen maganar shi ne, babu abin da yake dawwama, babu abin da yake cikakke, saboda haka mai hankali ba ya ɓata ransa wajen ɓoye tsufa da tabo, sai ya karɓe su ya ga kyansu.

Daga cikin kwanukan shayi da Japanawa suka fi girmamawa akwai wanda ake kira Kizaemon, yana ajiye a wani sashe na wurin ibadar Daitokuji a Kiyoto, kuma gwamnati ta sa shi cikin dukiyar ƙasa. A Koriya aka gina shi a ƙarni na 16, ya ɗan karkace, jikinsa da kaushi, kuma masanin sana'o'in gargajiya Yanagi Soetsu ya bayyana shi da cewa kwanon cin shinkafa ne na talakawa. Haka nan suna da sana'ar da suke kira kintsugi. Idan kwano ya fashe sai a liƙe shi da ƙaron wata bishiya da suke kira urushi, a barbaɗa garin zinariya a kan tsagar, ta yadda gyaran zai fito fili kowa ya gani. Ana ba da labari cewa sana'ar ta samo asali ne lokacin da wani mai mulki na ƙarni na 15, Ashikaga Yoshimasa, ya aika da fasasshen kwanonsa ƙasar Sin, aka dawo masa da shi an ɗaure da ƙusoshin ƙarfe, sai masu sana'ar gida suka nemi hanyar da ta fi wannan kyau.

Gyartai ya riga su a nan

Mai karatu da ya tashi a ƙauye zai ga cewa babu baƙon abu a cikin wannan labari. Gyartai yana yawo gida gida ko ya zauna a gefen kasuwa, mata su kawo masa ƙwarya ko masaki da ya tsage, ya huda gefe da gefe na tsagar, ya ɗinke ta tsaf har ta koma riƙe fura. Ɗinkin yana nan a fili, ba wanda ya taɓa tunanin ɓoye shi. Matar da ta kawo wa baƙo fura a irin wannan ƙwarya tana nuna masa, ko da ba ta faɗa ba, cewa gidan nan ana tattali, kuma an ɗauke shi na gida. Bambancin da ke tsakani shi ne Japanawa sun ba abin suna, sun rubuta shi, sun koyar da shi ga 'ya'yansu, har wani marubucinsu, Okakura Kakuzo, ya wallafa littafi a kan shayi da Turanci a 1906 don ya bayyana wa Turawa. A nan kuwa ɗan boko ya ɗauki nasa gadon ya tura ƙarƙashin gado.

Akwai kuma wata magana tasu, ichigo ichie, wadda ma'anarta ita ce kowace haɗuwa sau ɗaya take zuwa a rayuwa. Ko da mutanen nan sun sake zama gobe, zaman yau ba zai dawo ba, don haka ya wajaba mai gida ya ba baƙo dukkan hankalinsa. Hausawa sun riga sun dunƙule wannan cikin kalmomi kaɗan da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sun kuma ce ba baƙo ruwa ka sha labari, ba su ce ba shi kaza ba. Abin da ya kawo baƙo shi ne mai gida, kuma mai gidan da ya ƙare ƙarfinsa da kuɗinsa wajen shirya tabarma, ba shi da sauran fuskar da zai shimfiɗa.

Addini ma ya yi magana a kan wannan. An umurci Musulmi ya girmama baƙonsa, an kuma iyakance liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, don kada baƙo ya ƙuntata wa mai masauki. Malamai suna kawo labarin Sahabi Salmanul Farisi, wanda baƙi suka zo masa ya kawo musu gurasa da gishiri, ya gaya musu cewa an hana su kallafa wa kai abin da babu saboda baƙo. Ɗaya daga cikinsu ya nuna sha'awar a ce da ɗan ganyen ƙamshi a cikin gishirin. Salmanu ya aika aka jinginar da butarsa aka sayo. Da suka ƙoshi, sai baƙon ya yi godiya ga Allah da ya sa suka wadatu da abin da aka ba su, Salmanu kuwa ya amsa masa da cewa da ya wadatu, da butarsa ba ta tafi jingina ba. Butoci nawa ne suke jingina a yau a gidajen ma'aikata saboda baƙin da ba su ma roƙi kome ba?

Amsa ga masu suka

Wani zai ce wannan magana ƙofa ce da aka buɗe wa marowata, domin an san Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗan maraƙi mai ƙiba ya gasa wa baƙinsa, kuma Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka. Wannan gaskiya ne, amma maraƙin nasa ne, daga garkensa, ba aro ya yi ba. Wanda Allah ya hore wa, ya yanka rago, babu laifi, hasali ma abin yabo ne. Manomin Kunci da ya kama zakaransa ya yanka wa baƙon da ya zo daga nesa, da yardar ransa, ya yi abin da iyaye da kakanni suka yi. Abin da ake suka shi ne mutum ya nuna abin da ba shi da shi. Marowaci yana da abu ya ɓoye, mai ƙarya ba shi da abu ya aro, kuma dukkansu biyu sun ƙi nuna wa baƙo gaskiyar gidansu. Mai karamci shi ne wanda ya fito da mafi kyawun abin da ya mallaka, ko tuwon dawa ne da miyar kuka.

Wani kuma zai ce ashe ke nan sai a bar gida kaca-kaca, a ce ai hikimar Japan ce. Ko kusa. Ɗakin Rikiyu na ƙasa ne, amma ana share shi har ba a ganin ƙura, ana yayyafa ruwa a hanyar da baƙo zai bi, kuma ana ajiye wurin wanke hannu da baki kafin a shiga. Ana ba da labarin yadda ya sa aka share lambu tas, sannan ya girgiza bishiya 'yan ganye suka zubo, don wurin ya yi kama da na masu rai. Sharar ce ta fara zuwa, sannan ganyen. Haka matar ƙauye take share tsakar gida tun da asuba, ta wanke ƙwarya ta kife a rana, ta rufe randa. Tsufan kaya dabam, dauɗa dabam. Tsohuwar tabarma ba ta cutar da kowa, amma ruwan da ba a rufe ba yana kawo amai da gudawa, kuma tsabta ba ta bukatar albashi.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi, watau kada a mayar da talauci abin ado. Mutumin Kunci ba don falsafa yake ɗinke ƙwarya ba, sau da yawa don ba shi da kuɗin sabuwa ne, kuma yana da haƙƙi a kan hukuma na ruwan sha mai kyau da hanya da asibiti da taki a kan kari. Duk wanda ya zauna a birni cikin fanka yana yabon kyan gidan ƙasa alhali rufinsa yana yoyo, ya yi rashin adalci. Japanawa su kansu sun faɗa wani rami makamancin wannan, domin kwanukan talakawa da Rikiyu da almajiransa suka ɗaukaka sun koma kayan da sai hamshaƙin attajiri yake iya saye, gasar da aka gudu ta dawo ta bayan gida. Saboda haka ba cewa ake ma'aikaci ya je ya sayo tsohon akushi ya rataye a falo don a ce shi mai kishin al'ada ne ba. Abin da ake nema shi ne a raba mutunci da kaya. A yi ta neman ci gaba, amma kafin ya zo kada a rufe ƙofa, kada kuma a ci bashi don a yi kamar ya riga ya zo.

Nauyin da ke kan baƙo

Ba mai gida kaɗai ne da gyara ba, domin da babu masu tsegumi da babu masu aro. Akwai baƙon da idonsa ba ya zama wuri ɗaya, yana gaisuwa yana ƙirga kujeru, ya fita ya ba da labarin labulen da ya koɗe. Maza da mata duk suna yi. Irin wannan baƙo shi ne ya koya wa mutane ƙarya. Baƙon kirki yana cin abin da aka kawo masa da fara'a, ya yaba, ya yi addu'a, abin da ya gani a gidan kuma ya bar shi a gidan. Yanzu da wayar hannu ta wadata, yana da kyau ya sanar kafin ya zo, ya kuma faɗa da bakinsa cewa kada a wahala, ya nuna da gaske yake. Babban ma'aikaci da ya ziyarci na ƙasa da shi, in ya zauna a tabarma ya sha fura ya nemi ƙari, ya sauke wa gidan nan nauyin da wa'azin shekara ba zai sauke ba.

Ya kamata kuma magidanta su tuna cewa wahalar wannan ƙarya a kan mata take sauka. Namiji ne yake gayyata, amma mace ce take daka da tankaɗe da tsayuwa a gaban murhu, ita ce kuma ake aikawa maƙwabta aron faranti, ta sha kunyar da mijin yake gudu. Gidan da aka saba ba baƙo abin da aka dafa domin iyali, ko da za a ƙara ruwa a miya, matar gidan ba ta ɗaure fuska in ta ji sallama, kuma yaran gidan suna tashi da son baƙi.

Ga ɗalibai kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abokin da za a yi zaman duniya da shi, ko ba jima ko ba daɗe zai san gidan su wane, a ranar aure ko ranar rasuwa. Gara ya san shi tun yanzu, a kai shi ya gaida dattijo a zaurensa, ya ci tuwo a akushi, ya ga gonar da ta biya kuɗin makaranta. In ya raina abin da ya gani, an huta da shi tun da wuri. In kuwa ya girmama, an sami aboki. Ɗalibin da ya karanta tarihin ƙasashe ya kamata ya fi kowa sanin cewa Japan ta ƙera mota da kwamfuta ba tare da ta rushe ɗakin ƙasa mai tabarma biyu ba, tana ma alfahari da shi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa ba ta zuwa inda aka rufe ƙofa. A halin tsadar da ake ciki, idan aka ce sai gida ya cika ya batse za a karɓi baƙo, to ziyara za ta zama ta masu kuɗi kaɗai, sauran jama'a kuwa kowa ya kulle kansa da damuwarsa a daidai lokacin da ya fi bukatar ɗan'uwa. Mutanen Kunci da makamantansu sun ratsa farin 1973 da na 1984 ba su daina shimfiɗa tabarma a zaure ba, kuma da wannan taimakon juna ne da yawa suka kai labari. Ya rage ga 'ya'yansu da ke ofisoshi da makarantu su fito da tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin gado, su wanke ta, su dama fura, su ce wa baƙo bisimilla. Allah ya sa a gane, ya kuma ƙara rufa asiri, amin.